Darasi na 9: Antibodi da Bitamin B12 a Gwajin Jini

A darasin da ya gabata mun ga yadda garkuwar jiki take tsare mutum daga ƙwayoyin cuta. Yau za mu duba wani gefe nata da ba a cika magana a kansa ba, wato lokacin da garkuwar ta juya kan abin da jiki yake buƙata, ta tare wa bitamin hanya, wani lokaci ma ta ruɗar da na'urar da ake awon bitamin ɗin da ita. Bitamin B12 za mu ɗauka misali, domin a kansa aka fi sanin wannan lamari, kuma ƙarancinsa yana iya nakasa mutum alhali maganinsa ba shi da tsada.

Antibodi da abin da yake kamawa

Antibodi furotin ne da wasu fararen ƙwayoyin jini suke ƙerawa su saki cikin jini. Siffarsa ta harafin Y ce, kuma da rassan nan biyu na sama yake kama abu. Kowane antibodi abu guda ya sani. Wanda jiki ya ƙera bayan allurar ƙyanda ba zai kama ƙwayar shan-inna ba. Iri biyar ne a jikin ɗan Adam, amma wanda ya fi yawa a jini, kuma wanda zai fi shafar darasinmu, shi ne IgG. Yana daɗewa a jiki: sai ya yi kimanin mako uku kafin rabinsa ya gushe.

Bitamin kuwa abu ne ƙanƙane ƙwarai idan aka gwada shi da furotin. Karl Landsteiner, masanin nan ɗan Ostiriya da ya gano rukunonin jini a 1901, ya nuna daga baya cewa ƙaramin sinadari shi kaɗai ba ya sa jiki ya ƙera antibodi, sai fa idan yana manne da furotin. Saboda haka idan kun ji an ce akwai antibodi mai kama bitamin a jinin wani, galibi furotin da ke ɗauke da bitamin ɗin aka kama, ko furotin da ke buɗe masa ƙofa. Ku riƙe wannan, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya tsaya.

Hanyar da B12 yake bi

Ana samun B12 a nama, hanta, kifi, ƙwai, madara da nono. Gero da dawa da masara da wake da ganyen miya ba su da shi. Abin da baligi yake buƙata a rana bai wuce maikirogiram 2.4 ba, kuma jiki yana ajiye miligiram 2 zuwa 5, galibinsa a hanta, abin da zai ishi mutum shekara uku zuwa biyar ko da shigarsa ta tsaya cak. Wannan ajiya ita ce dalilin da ciwon ƙarancinsa yake zuwa a hankali, har mai shi da iyalinsa su saba da raunin su ɗauka tsufa ne.

Da abinci ya isa tumbi, ruwan tsamin tumbi yakan raba B12 da naman da yake ciki. Wani furotin da ke cikin yawu, haftokorin, sai ya riƙe shi ya tsare shi daga tsamin. A farkon ƙaramin hanji a narkar da wannan furotin, B12 ya koma hannun wani furotin na daban wanda ƙwayoyin bangon tumbi suke fitarwa. A wannan darasi za mu kira shi sinadarin rakiya. Shi ne yake kai B12 har ƙarshen ƙaramin hanji, inda akwai wata ƙofa da ba ta karɓar bitamin ɗin sai tare da shi. Idan babu sinadarin rakiya, abin da yake iya ratsawa da kansa bai wuce kashi 1 cikin 100 na abin da aka haɗiya ba.

A cikin jini ma B12 ba ya yawo shi kaɗai. Kimanin kashi 80 cikin 100 yana manne da haftokorin na jini, sauran kashi 20 ɗin yana manne da tiranskobalamin. Wannan ƙaramin kason ne kaɗai ƙwayoyin jiki suke iya karɓa su yi aiki da shi. Aikin kuwa iri biyu ne: ɓargo yana buƙatarsa don ƙera jajayen ƙwayoyin jini, sannan jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi suna buƙatarsa don kula da rufin da ke lulluɓe su.

Ciwon da ya buɗe wa likitoci ido

A tsakiyar ƙarni na 19 wani likita a asibitin Guy's da ke Landan, Thomas Addison, ya bayyana wani ƙarancin jini da ba a san dalilinsa ba, wanda yake cin mutum sannu a hankali har ya kashe shi. A 1872 Anton Biermer ya sake bayyana shi a Zurich. Fiye da shekara hamsin bayan haka babu magani. A 1926 George Minot da William Murphy a Boston ta Amurka suka ba da rahoton marasa lafiya 45 da suka ciyar da hanta mai yawa kullum, jininsu ya farfaɗo. Su biyun da George Whipple, wanda gwajinsa a kan karnuka ya nuna musu hanya, suka sami kyautar Nobel a 1934.

Amma me ya sa waɗannan mutane suke buƙatar hanta mai yawa haka, alhali sauran jama'a ɗan nama ya ishe su? William Castle, shi ma a Boston, ya amsa a 1929 ta hanyar da ba kowa zai iya ba. Yakan ci niƙaƙƙen naman shanu, ya bari ya ɗan jima a cikinsa, ya dawo da shi, a ba marasa lafiya ta roba. Nama kaɗai bai taimake su ba, ruwan tumbi kaɗai ma haka, amma naman da ya gauraya da ruwan tumbin lafiyayyen mutum ya tayar da ɓargonsu. Ashe akwai wani abu a tumbin mai lafiya da babu shi a nasu. An ware B12 kansa a 1948, a Amurka da Ingila kusan lokaci guda, sannan Dorothy Hodgkin ta Oxford ta fito da cikakken tsarinsa a tsakiyar shekarun 1950.

Saura tambaya ɗaya: ina sinadarin rakiyar marasa lafiyar ya tafi? Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960 masu bincike a Denmark da Birtaniya suka gano cewa jininsu yana ɗauke da antibodi iri biyu. Ɗaya yana kai hari kan ƙwayoyin bangon tumbi, ɗayan kan sinadarin rakiya kansa. Garkuwar jikinsu ce take cinye bangon tumbinsu, tsami ya ƙafe, sinadarin rakiya ya ƙare, ɗan abin da ya rage kuma antibodi ya tare shi.

An daɗe ana ɗaukar wannan ciwo na tsofaffin Turawan arewacin Turai ne, kuma wannan zato ya cuci mutane. A 1978 Ralph Carmel da Cage Johnson suka nuna a Amurka cewa yana kama baƙaƙen fata, kuma mata baƙaƙe yakan kama su da sauran ƙuruciyarsu, sannan an fi samun antibodin sinadarin rakiya a jininsu. A wurarenmu, inda zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da ƙarancin ƙarfe da sikila suka cika asibitoci, tunanin ma'aikacin lafiya yakan tsaya a kansu idan ya ga mai rashin jini, kuma yawanci yana da gaskiya. Wanda nasa dalilin daban ne shi yake shan wahala.

Alamomin jini kun san su: kasala, haki, bugun zuciya, tafin hannu da cikin ido su yi fari, wani lokaci da ɗan ruwan ɗorawa a ido. Harshe yakan yi ja sumul yana zafi. Waɗanda suka fi ban tsoro su ne na jijiya: tafin ƙafa da yatsu su riƙa yi kamar ana tsira musu allura, ƙafa ta mutu, mutum ya riƙa tangaɗi musamman cikin duhu, mantuwa ta yi yawa, hali ya sauya. Alamun jijiya suna iya zuwa tun jini bai ragu ba. Idan suka daɗe, ba duka suke warkewa ba ko an fara magani.

Akwai abin da nake so kowane ɗalibi ya kai gida. Yawancin magungunan da muke kira na ƙarin jini suna ɗauke da ƙarfe da folik asid. Folik asid yana iya gyara jinin mai ƙarancin B12, ya ji ƙarfi, awon jininsa ya hau, amma ba ya yi wa jijiya komai, lalacewarta tana ci gaba a ɓoye. Masu sikila da ke shan folik asid kullum, da duk mai sayen maganin ƙarin jini a kemis ba tare da gwaji ba, idan suka fara jin mutuwar ƙafa, lallai a duba B12 ɗinsu.

Yadda ake neman antibodi a jini

Dabarar awon abu ƙanƙane a jini ta hanyar kamawa ta samo asali ne daga wani asibitin tsofaffin sojoji a Bronx ta New York. A nan Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka lura a 1956 cewa masu ciwon suga da aka daɗe ana yi wa allurar insulin suna da antibodi mai kama insulin a jininsu. Masana da yawa a lokacin ba su yarda ba. Su kuwa sai suka mai da abin da suka gano ma'auni, kuma Yalow ta sami kyautar Nobel a kansa a 1977. A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann a Stockholm suka fito da hanyar da ake kira ELISA, wadda ke amfani da sauyin launi, kuma ita ce har yau ake gani a ɗakunan gwaji da yawa.

Ga yadda ake neman antibodin sinadarin rakiya da ita. Ana ɗibar jini daga hannu a zuba a kwalbar gwaji, a bar shi ya daskare, a sa a na'urar da ke juyawa da sauri. Ƙwayoyin jini su kwanta ƙasa, ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. A cikin wannan ruwan jini antibodi yake. Ma'aikacin gwaji yana da wani farantin roba mai ƙananan ramuka 96, kowane rami an riga an shafe cikinsa da sinadarin rakiya. Ya sirka ruwan jinin mara lafiya ya ɗiga a rami, ya jira. Idan akwai antibodin da ake nema, zai manne wa sinadarin da ke jikin ramin. Sai a wanke, duk abin da bai manne ba ya tafi.

Har yanzu ido ba ya ganin komai. Don haka a zuba antibodi na biyu, wanda aka samo daga dabba, aikinsa kama IgG na ɗan Adam, kuma an ɗaura masa wani sinadari mai sauya launi. A sake jira, a sake wankewa. Sannan a ɗiga wani ruwa marar launi. Ramin da antibodin mara lafiya ya manne, na biyun ma ya manne a kansa, sai ruwan ya koma shuɗi. A tsai da aikin da ɗigon asid, shuɗin ya koma ɗorawa, na'ura ta auna kaurin launin. Iya yawan antibodi, iya kaurin launi.

A kowane faranti dole a ware ramuka don samfurin da aka tabbatar yana da antibodin da wanda aka tabbatar ba shi da shi. Idan waɗannan ba su ba da abin da aka san za su bayar ba, sakamakon farantin gaba ɗaya ya ɓaci, komai yawan marasa lafiyar da ke jira. Wanki ma ba abin rainawa ba ne: ramin da ba a wanke da kyau ba yana iya yin launi ya sa a ce wa lafiyayye yana da ciwo. Kayan gwajin kuma sai a firji, abin da ke sa aikin wuya a inda wutar lantarki ba ta tsayawa.

Antibodin ƙwayoyin bangon tumbi kuma an fi nemansa da wata hanyar. A ɗiga ruwan jini a kan siririn yankin tumbin ɓera da aka manna a gilashi, a bi shi da antibodi na biyu mai ƙyalli, a duba a madubin likita na musamman. Inda aka kama, ƙwayoyin sai su yi hasken kore.

Karanta sakamako

Gwaje-gwajen nan biyu ba su da nauyi ɗaya. A tara mutum 100 da aka tabbatar suna da wannan ciwo, gwajin antibodin sinadarin rakiya zai kama tsakanin 40 da 60 ne kawai. Amma da wuya ya nuna a jikin wanda ba shi da ciwon. Saboda haka idan ya nuna akwai, kusan magana ta ƙare. Idan ya nuna babu, ba a wanke mutum ba, domin kusan rabin masu ciwon haka nasu yake fitowa.

Gwajin ƙwayoyin bangon tumbi akasin haka yake. Yana kama 80 zuwa 90 cikin 100 na masu ciwon, amma yana nunawa a jikin kimanin mutum 1 cikin 10 na masu lafiya, ya fi haka ma a tsofaffi da masu wasu cututtukan garkuwa, kamar ciwon suga nau'i na ɗaya da ciwon tayirod da farin tabon fata. Shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Wasu hanyoyin neman antibodin sinadarin rakiya suna ruɗewa idan jini cike yake da B12 na allura, su nuna akwai alhali babu. Don haka aka fi so a ɗebi jini kafin allurar farko, ko a jira mako ɗaya zuwa biyu bayan ta ƙarshe, gwargwadon abin da ɗakin gwajin ya tsara.

Lokacin da antibodi ya ruɗar da na'ura

Yanzu mun zo wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Na'urorin zamani ba sa ƙirga B12 ɗaya bayan ɗaya. Gasa suke haɗawa. Da farko ana zuba wa ruwan jini sinadarai masu ƙarfi don su raba B12 da furotin da ke riƙe da shi. Sannan a kawo sinadarin rakiya na gwaji, gwargwado ƙayyadadde, a kawo kuma wani B12 da aka yi wa alama mai haske. B12 na mara lafiya da mai alamar su yi ta rige-rigen kama wuri. A ƙarshe na'ura ta auna hasken da ya manne.

Ku ɗauka mota ce a tasha mai kujera goma. An kawo fasinja goma masu jar hula, ga kuma wasu marasa hula da ba a san yawansu ba, kowa yana neman wuri. Mai ƙirga yana nesa, jar hula kawai yake iya hangowa. Idan ya hango jar hula tara a mota, ya san marasa hula kaɗan ne suka zo. Idan biyu ya hango, sai ya ce marasa hula sun yi yawa. To, a ce kafin a fara lodi wani ya zo ya jibge buhuna a kujera takwas. Jar hula biyu ne kawai za su zauna, mai ƙirga kuma zai rubuta cewa mota ta cika da marasa hula, alhali ko ɗaya bai zo ba.

Buhunan nan su ne antibodin mara lafiya. Idan sinadaran farko ba su kashe shi ba, sai ya kama sinadarin rakiyar gwaji ya toshe shi, B12 mai alama ya rasa wuri, haske ya yi ƙasa, na'ura ta rubuta cewa B12 ya wadata. Wato abin da ya jawo ciwon shi ne ya ɓoye shi. Tsofaffin hanyoyin awo sukan tafasa ruwan jini tukuna, tafasar kuma tana kashe antibodi, don haka ba su cika faɗawa wannan rami ba. A 2012 Ralph Carmel da Yash Agrawal suka gwada jinin mutum 23 da aka tabbatar suna da ƙarancin B12 a kan na'urorin zamani iri uku. Kowace na'ura ta ba da sakamakon lafiya ga wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na samfuran. Kamfanonin da ke ƙera kayan gwaji sun yi gyare-gyare, amma likita mai lura har yau yana ajiye wannan a ransa.

Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar abin da ya gaza 200 pg/mL a matsayin ƙaranci. Idan takarda ta nuna sama da haka amma mutum yana tangaɗi, ƙafarsa ta mutu, jajayen ƙwayoyin jininsa sun fi ƙima girma, akwai wasu hanyoyin tabbatarwa. Sinadarai biyu suna taruwa a jini idan ƙwayoyin jiki sun rasa B12, wato MMA da homosistin, kuma awonsu bai dogara da sinadarin rakiya ba. Ana kuma iya auna kason da ke manne da tiranskobalamin shi kaɗai. Waɗannan gwaje-gwaje suna da tsada, ba kowane gari ake yin su ba. Amma shafa ɗigon jini a gilashi a duba a madubi abu ne da ƙaramin asibiti zai iya, kuma ƙwararren ido zai ga manyan jajayen ƙwayoyi masu siffar ƙwai da fararen ƙwayoyi masu ƙulli shida ko fiye a cikinsu. Jagorar da likitocin jini na Birtaniya suka fitar a 2014 ta ce idan alamomi sun yi ƙarfi amma lamba ta nuna lafiya, kada a jinkirta magani, don gudun lalacewar jijiya. Ina ganin wannan shawara ta fi dacewa da mu fiye da waɗanda aka rubuta wa ita, domin su suna da gwajin tabbatarwa a kusa, mu kuwa sau da yawa sai an aika jini wani birni. Allurar B12 ba ta da tsada, hatsarinta kaɗan ne, ƙafar da ta riga ta mutu kuwa ba lallai ta dawo ba.

Wanda aka tabbatar garkuwarsa ce ta cinye masa tumbi, maganinsa na tsawon rai ne. A Birtaniya akan fara da allurar miligiram 1 sau uku a mako har mako biyu, sannan a koma duk wata biyu ko uku, masu alamun jijiya kuma a fi matsa musu allurar a farko. Jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne.

Lamba ta hau sama, jiki bai amfana ba

Akwai wani antibodi kuma da yake kama tiranskobalamin tare da B12 ɗin da ke jikinsa. Masu bincike a Denmark sun bayyana shi a ƙarshen shekarun 1960 a jinin waɗanda aka daɗe ana yi wa allurar B12, daga baya aka same shi a jikin waɗanda ba a taɓa yi musu ba. A ƙa'ida tiranskobalamin yana sauke kayansa ya bar jini cikin 'yan sa'o'i. Idan IgG ya rungume shi, sai su zama ƙaton dunƙule da ba ya fita da wuri, yana ta taruwa. Na'ura kuma tana raba B12 da duk abin da ke riƙe da shi kafin ta auna, don haka sai ta ba da lamba mai yawa ƙwarai. Wannan shi ake kira makro-B12.

Illarsa biyu ce. B12 mai yawa a jinin wanda ba ya shan bitamin yana sa likita ya yi zargin ciwon hanta ko na ƙoda ko sankarar jini, don kuwa suna kawo haka, sai a shiga gwaje-gwaje masu tsada da tayar da hankali. Sannan a ƙarƙashin babbar lambar, mai shi yana iya kasancewa cikin ƙaranci na gaske.

Gano shi ba shi da wuya. Ana raba ruwan jini biyu. A auna kashi ɗaya yadda yake. Ɗayan a gauraya shi da wani ruwa mai kauri da ake kira PEG, daidai wa daida, a juya a na'ura. PEG yana sa manyan furotin irin su IgG su kwanta ƙasa tare da duk abin da suka kama. A auna ruwan da ya rage a sama, a ninka sakamakon sau biyu saboda sirkin da aka yi. Misali, awon farko ya ba da 2,000. Bayan PEG na'ura ta ba da 150, aka ninka ya zama 300. Abin da ya rage ke nan kashi 15 cikin 100, sauran 85 sun tafi ƙasa tare da antibodi. Kowane ɗakin gwaji yana da iyakar da ya tsayar wa kansa, amma faɗuwa irin wannan tana nuna makro-B12.

Ba B12 kaɗai abin ya shafa ba. A 2004 da 2005 an ba da rahoton antibodi mai toshe ƙofar da folet, wato bitamin irin na folik asid, yake bi ya shiga ƙwayoyin jiki, a wasu matan da suka yi cikin da aka sami nakasar laka ko ƙwaƙwalwa, da kuma wasu yara masu ƙarancin folet a ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike a Ireland a 2009 bai ga bambanci tsakanin irin waɗannan mata da sauran mata ba, don haka wannan gwaji bai shiga jerin na yau da kullum ba.

Abin da za a gaya wa likita kafin a ɗebi jini

Ma'aikacin gwaji kwalba ce kawai a gabansa, bai san mai jinin ba. Abin da mara lafiya ya faɗa, likita ya rubuta a takarda, shi ne yake taimaka masa. A faɗi ranar allurar B12 ta ƙarshe, ko da a kemis ko a gida aka yi ta, da duk maganin ƙarin jini ko ƙwayar bitamin da ake sha. A ambaci metformin na ciwon suga da omeprazole na gyambon ciki, domin daɗewa a kansu yana rage shigar B12 ba tare da wani antibodi ba. A faɗi idan an taɓa yin tiyatar tumbi ko hanji, ko an daɗe ba a cin nama da kifi da nono.

Masu shan bitamin biyotin don gashi da farce su ma su faɗa. Buƙatar jiki ba ta wuce maikirogiram 30 a rana ba, amma ana sayar da ƙwayoyi masu miligiram 5 ko 10. Na'urori da yawa suna amfani da biyotin a cikin dabarar kamawarsu, wanda ya yi yawa a jini kuma yana karkatar da sakamakon tayirod da na bugun zuciya. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2017.

Aikin aji

1. Wani dattijo ya yi wata takwas yana jin mutuwar ƙafa, yana shan maganin ƙarin jini daga kemis. Awon jininsa ya fito daidai, B12 ɗinsa 350 pg/mL. Ku tattauna biyu-biyu: me ya sa waɗannan lambobi ba su isa a sallame shi ba?

2. Gwajin antibodin sinadarin rakiya na wata mata ya nuna babu. Mijinta ya ce ke nan ba ta da ciwon. Yaya za ku yi masa bayani da lissafin mutum 100?

3. Awon B12 ya ba da 1,800. Bayan an gauraya da PEG daidai wa daida, na'ura ta ba da 810. Kashi nawa cikin 100 ya rage, kuma me wannan yake nunawa idan aka gwada shi da misalin da ke cikin darasi?

4. Ku duba kwalba ko kwalin wani maganin ƙarin jini da ke gidanku ko kemis ɗin unguwarku, ku rubuto ko yana ɗauke da folik asid, ko B12, ko duka biyun, da yawan kowanne.